Ragowar Anza

Zinariya ba maƙaryaciya ba ce, wannan zan fara faɗi kafin wani ya riga ni yanke mata hukunci. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka a unguwar Bukoki, zana ɗaya ce tsakanin ɗakina da nata, ko ƙaryar wasa ban taɓa kama ta da ita ba. Amma ta ɓoye wani abu har shekara biyu da wata biyar, kuma abin da ta ɓoye ɗin ya kusa cin ran matar da ta fi ƙauna a duk garin Yamai.

Matar ita ce Inna Aisa, 'yar Adar, daga wani ƙauye gabas da Tawa. Mijin Zinariya direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya rasu a hanyar Doso, ya bar ta a Yamai ba dangin uwa ba na uba, duk suna can Damagaram. Bayan ta fita takaba ta ɗauki tiren gyaɗa ta zauna a bakin kasuwar Piti Marshe, rana ta raba ba ta sayar da ko ƙulli ɗaya ba. A nan Inna Aisa ta gan ta. Ta tambaye ta 'yar ina ce, ta ji, ta ce ta ɗauko tiren ta biyo ta. Wata bakwai ta riƙe ta a ɗakinta, ci da sha da sabulun wanki, har Zinariya ta tsaya da ƙafafunta. Daga baya kuma ita ce ta sama mata aiki wurin ɗanta.

Ɗan nan shi ne Likita Isaka. Ya dawo daga karatu a Dakar shekara ɗaya bayan an sauke tutar Nasara, dogo, siriri, da tabarau, kullum cikin sauri. Shi ne ɗan farin Inna Aisa, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, ba ta ma kallonsa sosai in da mutane. "Mai allura" take ce masa. In ya shigo da labari mai daɗi sai ta ɗaure fuska ta ce a duba mata ko awaki sun sha ruwa. Wanda bai san al'adar ba zai ce ba ta son sa, alhali kuwa in ya yi tari a ɗaki ita ce ba ta iya cin abinci.

Wata rana ya matsa sai ya auna mata ƙirji da abin sauraren nan nasa. Ta ture hannunsa ta ce, "Bar ni. Mu da munka ci anza shekarar Kakalaba, mutuwa ba ta gaggawa da mu."

Faɗa ta yi don ya ƙyale ta. Shi kuwa ya ɗauki maganar ya sa a aljihu. Anza 'ya'yan wani ɗan icen daji ne da fari ba ya kashewa. Ɗacinsu ba a magana, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa, kuma ba mai kusantarsu sai rumbu ya ƙare ƙaf. Likita ya zauna ya lissafa tsofaffin ƙauyensu da suka tsira daga waccan babbar yunwa, ya ga da yawansu har yanzu suna zuwa gona da ƙafarsu. Sai ya ce a ransa, wa ya sani ko akwai wani abu a cikin anza da ke ƙara tsawon rai? In akwai, to a ƙasar nan yake, kuma ɗan ƙasar nan ne ya kamata ya gano shi.

Haka ɓeraye sittin suka zo daga Dakar a jirgin sama, farare tas, masu jajayen idanu, cikin akwatin katako mai huda. Ranar da labarin ya iso Bukoki mun yi dariya har muka gaji. Ni da nake wannan magana ko Doso ban taɓa zuwa ba, amma ga ɓera ya hau jirgi. Wani tela ya ce ai shi ke nan 'yanci ya tabbata, tunda har an fara yi wa ɓeraye masauki.

Masaukin wani tsohon gini ne da Nasara suka bari, ɗaki biyu da fanka ɗaya mai juyawa in ta ga dama. Likita ya raba ɓerayen cikin akurkin waya goma sha biyu, biyar biyar. Shida ya ɗaura musu jan zare, shida bai ɗaura musu komai ba. Abincinsu ɗaya: garin gero, ƙuli-ƙuli da garin busasshen kifi, a dama da ruwa. Sai dai na masu jan zare ana ƙara masa garin anza. Shi da kansa yake aunawa da yamma a kan ɗan ma'auninsa, kowane kwano daidai da ɗan'uwansa. Aikin Zinariya shi ne ta zo da sassafe ta share ɗakin, ta sauya musu ruwa da ƙaiƙayin da suke kwanciya a kai. Ya ce mata, "Yaya Zinariya, ƙarfe takwas zan riƙa zuwa in duba kwanonin, in ga yadda suka ci." Iyakar abin da ya faɗa mata ke nan. Bai ce kada ta taɓa su ba, don bai zaci akwai dalilin da zai sa mutum ya taɓa su ba.

Garin anzar kuwa Inna Aisa ce ke haɗawa. Ba wanda ya sa ta. Da ta ji zai ba wata mata a kasuwa aikin, sai ta ce wa Zinariya, a gabansa amma ba ta kalle shi ba, "Faɗa ma mai allura matan birni ba su san anza ba, kashe mishi kusa za su yi." Kusa, wato ɓeraye a bakinsu na Adar. Ta sa aka aiko mata da buhu daga ƙauye. Ta jiƙa, ta tsiyaye, ta sake jiƙawa, kwana shida, har fatar hannunta ta tsage ta yi fari. Ta shanya, ta daka da kanta, ba ta yarda kowa ya karɓi taɓarya ba. Zinariya na wurin, ta ga komai, kuma ta gane abin da take gani: tsohuwar da ba ta da halin cewa ɗanta sannu da ƙoƙari ta sami hanyar faɗa masa.

Safiyar farko Zinariya ta buɗe ɗakin ta duba. Kwanonin marasa zare an lashe su tas. Na masu jan zare kuwa, kusan rabi yana nan, an ɗan ci gefe an bar sauran.

Ta daɗe tsaye da tsintsiya a hannu. A gidan da aka haife ta, in maƙwabciya ta aiko maka da tuwo, ko da gishiri ya kashe miyar, ba ka mayar mata da kwano da ragowa. Ka juye a wani wuri, ka wanke, ka mayar da godiya. Mayar da ragowa zagi ne, kuma zagin da ba a mantawa. To ga abin da Inna ta tsage hannu a kai, wasu 'yan ɓeraye sun shinshina sun juya baya, kuma ƙarfe takwas ɗanta zai shigo ya gani, da rana ya kai mata labari. Zinariya ba ta yi dogon tunani ba. Ta juye ragowar a tsohon gwangwani, ta mayar da kwanonin inda suke, ta ci gaba da shara.

Likita ya zo, ya leƙa akurki goma sha biyu, ya rubuta a kayensa, babban littafin nan mai baƙin bango, cewa duka sun cinye. Har da ɗan fito yake yi.

Ranar Juma'a Zinariya ta je gaida Inna kamar yadda ta saba. Suna zaune tana tsince mata shinkafa, sai tsohuwar ta tambaya, kamar abin bai dame ta ba, "Wai da gaske kusan nan sun canye?"

"Tas, Inna. Ko ɗigo ba su bari ba."

Inna ta ce, "To." Ta juya fuska wajen katanga, amma Zinariya ta ga gefen bakinta yana motsi. Daga wannan rana ƙofar komawa ta rufe.

Kullum da safe sai ta juye. Da farko ta riƙa kawo ragowar gida don kajina, kajin ma suka tsattsaga sau biyu suka watse, sai ta koma binnewa a gindin wani dogon yaro da ke bayan ginin. Na tambaye ta me ke cikin gwangwanin, ta gaya mini, na ce ta kyauta. Ina faɗin wannan don kada a ce ita kaɗai ce. Ni ma da ni ce haka zan yi, haka ma duk macen da na sani a layinmu. A ganinmu tsawon rai na Allah ne, ɓera ya cinye ko ya rage, ranarsa ba za ta matsa ba.

Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo. Ɓerayen da ba su da zare suka yi ƙiba har wuyansu ya ɓace, suna kwance kullum kamar 'yan kasuwa bayan azahar. Masu jan zare ba su da nama, amma ba sa zama wuri ɗaya, hawa waya suke yi suna sauka. Bayan shekara ɗaya da rabi masu ƙiba suka fara mutuwa, yau ɗaya, jibi biyu. Zinariya ta kan ɗauko gawar da tsumma ta ajiye wa Likita a kan tebur, ya rubuta rana. Ta saba da su fiye da yadda take so a sani. Akwai wani mai yankakken kunne da ke zuwa bakin waya in ya ji motsin makullinta, ranar da ya mutu ba ta ci abincin rana ba.

Da aka cika shekara biyu da wata biyu, na ƙarshen marasa zare ya tafi. Masu jan zare goma sha ɗaya suna nan, sun tsufa, gashinsu ya yi ƙura, amma suna nan.

Ranar nan Likita bai iya zama ba. Ba kowa a ɗakin sai Zinariya, saboda haka ita ya yi wa bayanin da zai yi wa manyan likitoci a Dakar bayan wata huɗu. Ya buɗe kayen yana nuna mata layuka, ita da ba ta karatun boko.

"Kin gani, Yaya? Ɗaki ɗaya, ruwa ɗaya, zafi ɗaya. Awo ɗaya na ba su, kuma duka sun cinye, kowace rana, ga shi a rubuce. Da a ce waɗannan sun ci kaɗan waɗancan sun ci da yawa, da ba abin da zan iya cewa, don an daɗe da lura cewa ɓeran da bai cika ciki ba yakan daɗe. Amma cinsu ɗaya. Bambanci guda ne, anza."

Zinariya ba ta je lakwal, wato makaranta, ba, amma ta yi shekara talatin tana rabon tuwo, ta san wanda ya ci rabi da wanda ya cinye ba abu ɗaya suka ci ba. A nan ne ta fara gane cewa abin da take binnewa a gindin dogon yaro shi ne abin da Likita ya kamata ya rubuta. Ta buɗe baki, ta ga fuskarsa, ta tuna fuskar uwarsa, sai ta ce, "Allah ya sa albarka, Likita."

Da ta dawo ta ce mini, "Na ɓata masa aiki." Na ce ta yi shiru, takarda ce kawai, Nasaran Dakar su karanta su tafa masa, wa ya mutu? Haka na ce, kuma har gobe ina jin kunyar wannan magana.

A tsakiyar daminar shekarar nan zazzaɓi ya kwantar da Inna Aisa kwana tara. Ta tashi, amma Likita ya tsorata. Mutumin da ke ganin mutuwa kullum a wurin aiki sai ya ga ta leƙo ɗakin uwarsa, ya rasa inda zai sa kansa. Yana da magani a hannu, ko kuma haka ya yi imani. Ya ɗauko ma'auninsa ya kawo gida, ya auna garin anza ya gauraya da duk garin geron da ke gidan, buhu guda, yadda yake yi wa masu jan zare. Tuwo, kunu, fura, komai daga buhun nan zai fito. Shi ma yana ci, yana yamutsa fuska yana dariya, sai dai shi da rana a wurin aiki yake cin burodi da nama. Kowace safiya kafin ya hau mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur, zai leƙa kwanon kunun Inna, ya gan shi a wanke a kife, ya tafi da farin ciki.

Zinariya ta lura Inna tana raguwa. Juma'a ta farko ta ce ciwo ne bai gama sakinta ba. Ta uku ta ga tsohuwar na dafa bango kafin ta miƙe. Ta biyar ta zo da wuri, ta yi sallama ba a amsa ba, ta zagaya bayan ɗaki. Inna na durƙushe a gindin lalle, ta tona ɗan rami da guntun ƙwarya, tana juye tuwon rana a ciki.

Suka kalli juna. Inna ta rufe ramin da hannu a hankali, ta ce, "Kama ni in tashi."

A ɗaki ta yi magana, da murya ƙasa ƙasa, sai Zinariya ta matso kafin ta ji. "Ba ɗacin ba ne, ɗiyata. Ɗaci na iya da shi. Shekarar Kakalaba ina da sha ɗaya. Ni ka zuwa daji in ɗebo, ni ka jiƙawa. Ƙanena Dauda bai iya jira ruwan ya janye ɗacin ba, ya ci da dare bai kai kwana ukku ba, cikinshi ya kumbura. Ƙaramar ƙanwata kuma a bayana ta ƙare, ina tahiya ina yi mata waƙa ban sani ba. In na kai abin ga baki, su nika ji. Maƙogwaro sai ya rufe."

"To Inna, me ya sa kika ce masa anza ce ta raya ku?"

"Na ce mishi haka? Cewa na yi ya bar ni. Mu da munka rage, munka rage ne kawai. Waɗanda anza ba ta raya ba suna ƙasa, wa zai ƙirga su?"

Zinariya ta ce za ta riƙa kawo mata fura daga Bukoki kullum, ba wanda zai sani. Inna ta girgiza kai. "In zubar da na ɗana in sha na waje? Abin da nika yi ma ya isa." Shayi take sha, da dabino biyu ko uku, shi ke nan abincinta tun sati biyar.

"Ki faɗa masa, Inna."

"Shekara biyu yana bisa wanga aiki. Manya na jiran shi. Kusa sun canye ba su ce komi ba, sai ni uwa tai in ce ba ni iyawa?" Ta kama hannun Zinariya ta matse. "Ke ma ba ki ga komi ba. Kin ji ni?"

Zinariya ta ce, "Na ji, Inna." Maganar ɓerayen kuwa ta bar ta a cikinta.

Washegari ta gwada ta gefe. Likita na rubutu, ta ce, "Likita, Inna fa ta rame ƙwarai."

Ya ɗago da murmushi. "Na gani. Haka masu jan zare suka yi, ba ki tuna ba? Rama ta farko, sannan ƙarfi. Alama ce yana aiki."

Ta dawo gida ta zauna a ƙofar ɗakinta har la'asar ta wuce ba ta hura wuta ba. Na leƙo ta saman zana, ta ce mini, "Hannuna ne a cikin wannan. Da ban juye kwanon farko ba, da yau Inna na cin tuwonta." Wannan karon ban ce ta yi shiru ba. Ban ce ta yi magana ba kuma, don na san abin da maganar za ta ci mata: aikin Likita zai rushe, asirin Inna zai tonu, kuma matar da ta ɗauke ta daga bakin kasuwa ba za ta yafe mata ba.

Ranar Litinin ta je da sassafe, ta share ɗakin, ta sauya ruwa da ƙaiƙayi. Ɓeraye bakwai suka rage a lokacin, cikin akurki biyu. Ba ta taɓa kwanoninsu ba. Ta ajiye tsintsiya ta zauna a kan benci, abin da ba ta taɓa yi ba a lokacin aiki.

Ƙarfe takwas Likita ya shigo, ya gaishe ta, ya leƙa akurkin farko. Ya tsaya. Ya leƙa na biyu. Ya ciro kwano ɗaya ya ɗora a ma'auni.

"Ba su da lafiya ne? Rabi suka bari."

"Lafiyarsu ƙalau, Likita. Haka suke bari."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Ni nake juyewa kafin ka zo."

Ya cire tabarau. Daga baya ta ce mini bai yi ihu ba, da ya yi da ta fi jin sauƙi. Ya tambaya a hankali, "Don me, Yaya?"

"Inna ce ta daka. Ban so a mayar mata da ragowa ba."

Ya zauna a bakin tebur, ya ja kayen gabansa, ya buɗe shafin farko, ya buɗe na tsakiya, yana kallon rubutun hannunsa. Shekara biyu da wata biyar, kowane layi kalma ɗaya. Ya ce, "Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Yanzu na sani. Ka kore ni in ka ga dama, ba zan ce ka zalunce ni ba. Amma ba don ɓeraye na bar kwanonin nan ba. Inna ma haka take yi. A gindin lalle take binnewa. Sati biyar ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai shayi da dabino. Ƙannenta biyu sun mutu a shekarar anza, ba ta iya haɗiye shi, kuma ba za ta taɓa faɗa maka ba."

Likita ya miƙe har kujera ta faɗi. Bai rufe kayen ba, bai ɗauki hularsa ba. Ta ji mobilet ɗin ya ƙi tashi sau biyu, sannan ya tashi.

Sauran na ji shi ne daga bakin maƙwabtansu. Ya shiga gida bai yi sallama ba, ya wuce bayan ɗaki, ya tona gindin lalle da hannunsa. Sannan ya ɗauko buhun garin a kafaɗa, da farar rigarsa ta aiki, ya fito da shi titi da rana tsaka kowa na gani, ya zazzage a bola. Ya tafi Piti Marshe ya sayo gero da nono da naman rago. An ce ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa yana kuka kamar yaron goye, ita kuwa tana cewa ya tashi, mutane na kallo. A satin ya rubuta wa Dakar cewa ba zai zo ba, aikinsa na da kuskure. Wasu a wurin aiki suka yi masa dariya, har aka daɗe ana ce masa likitan ɓeraye a bayan idonsa.

Bai kori Zinariya ba. Kwana goma bai yi mata magana ba sai gaisuwa. Ranar sha ɗaya ya kira ta ya nuna mata yadda ake ɗora kwano a ma'auni, da yadda ake karanta alamar, ya ce laifinsu ne su biyu, ita ta juye, shi kuma bai taɓa zuwa da wuri ya gani da idonsa ba. Ya ce in Allah ya kawo wasu ɓerayen, ita ce za ta riƙa auna ragowar.

Gidan Inna ne ta kasa zuwa. Juma'a huɗu tana ɗaura zane ta kai bakin titi ta dawo. Ta biyar na ce zan raka ta, in tsaya a waje.

Ta shiga, ta yi sallama, ta durƙusa a tsakar gida. Inna Aisa na zaune a kan kujera 'yar tsugune tana gyaran kuka. Ba ta amsa gaisuwar ba, ba ta ce a kawo tabarma ba.

"Mi kika zo yi?"

"Na zo gaishe ki, Inna."

"Ni kika zo gaisuwa? Na ce maki ba ki ga komi ba, kika ce kin ji. Kin sa ɗana ya ɗauki buhu bisa kahwaɗa kamar ɗan dako, gari duka na kallo. Kin sa ana yi mishi dariya a wurin aikinshi. Ni na ɗauko ki daga bakin kasuwa, ni na kai ki wurinshi, da hannuna. Da kin bar ni, mi zai ragu a duniya? Tsohuwa guda."

"Inna, ki yi mini aikin gafara."

"Tashi ki tahi. Kada in ƙara ganin ƙahwarki cikin gidan ga."

Ni ina can bakin titi, bayan katanga da zaure, amma ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Har mai sayar da itace a tsallaken hanya ya ɗago kai.

Zinariya ta fito, fuskarta sharkaf da hawaye. Muka kama hanyar Bukoki. Raina ya ɓaci ƙwarai, ina ta shirya abin da zan faɗa a kan tsofaffin da ba su san wanda ya yi musu rana ba. Mun kusa kasuwa sai ta kama hannuna ta tsayar da ni.

"Kin ji ta?"

Na ce na ji, kuma ban ji daɗi ba.

"Daga ina kika ji ta?"

"Daga titi."

Ta share fuska da bakin mayafi, wasu hawayen suka sake zubowa. Ta ce, "Wancan watan sai na kai kunnena bakinta kafin in ji ta."

Inna Aisa ta ƙara shekara tara a duniya, kuma ba ta sake yi wa Zinariya magana ba.